Mayar Mini da Tsallakena

Ba a zamanin da aka yi wannan ba, balle wani ya ce zuƙi ta mallen tsofaffi ce. A zamanin nan namu aka yi shi, na caji da jiran wuta, a wani gida da ke bayan kasuwar Malumfashi. A gidan akwai wata yarinya, Tasalla, 'yar shekara goma sha biyu, ga ƙwaƙwalwa ga rawar kai. Tana da ƙane, Mudi, ɗan firit da shi, wanda tun yana jinjiri bayanta ne gadonsa. In yana son goyo ba ya ɓata bakinsa, sai ya tsaya a gabanta ya ɗaga hannuwa biyu sama.

Ana nan sai kawunsu Sallau ya zo daga Kano da wata tsohuwar kwamfuta, wadda batirinta ba ya riƙe caji ko na shan kunu. A cikinta akwai wani wasan yara na zanen katun. Wani ɗan kurege ne mai koriyar jaka yake gudu a kan dakalai masu shawagi a sarari, yana tsintar goriba ta zinariya, yana tsallake waɗansu gajerun halittu masu ƙaton kai. Tun ranar da Tasalla ta ɗora yatsa a kan madannin tsalle, bayanta ya yi wa Mudi nisa.

Ran nan bayan azahar yara suka kaure da sowa a layi, an kawo wuta. Tasalla ta yar da tsintsiya ta sheƙa ɗaki. Mudi yana kwance a kan tabarma a bakin ƙofa, ko rage gudu ba ta yi ba, ta tsallake shi.

Kakarsu, Inna Cima, tana gefe tana tsinkar zogale. Ta ce, "Ke Tasalla, dawo ki mayar masa da tsallakensa."

"Haba Inna, camfi ne fa."

"Camfi ko ba camfi ba, ba a tsallake ɗan mutum a wuce. Yaron da dama bai cika tsawo ba, so kike ya dawwama a haka? Dawo ki tsallako ta inda kika bi."

"To, in na gama."

Mudi ya bi ta ɗaki ya kama gefen zanenta. "Yaya, mayar mini." Ta ture shi da gwiwar hannu, idonta na kan allo, ta danna madanni. Sai allon ya wangame kamar bakin rijiya, wata iska ta zuƙe su su biyun, ko salati ba ta ƙarasa ba.

Ta faɗo a kan wani dakali mai koriyar ciyawa, faɗinsa bai wuce tafin ƙafarta ba. Sama shuɗiya shar kamar yanzu aka shafa mata fenti, gajimare da idanu da kumatu suna ta murmushin da ba na kowa ba. Kiɗan wasan nan da take so yana tashi daga ko'ina. Ta so ta matsa gefe, ashe ƙasar ba ta da gefe, gaba ne kawai da baya. A saman kanta 'yan fitilu uku suna reto, duk inda ta motsa suna biye da ita. Ta ƙwala wa Mudi kira, babu amsa.

"Maraba da mai yatsa," in ji wata murya daga sama.

Kuregen ne zaune a kan reshe, ya miƙe ƙafafu, duk sun kumbura.

"Ya ke 'yar Adam, kin iso Ƙasar Dakalai. Wata da watanni kina kora ni ba hutu ba sallama, yau ga fili ga mai doki. Fitilun nan rayukanki ne. Ranar can da kike gani kuwa wutar gidanku ce. In fitilu suka ƙare, ko rana ta mutu, kin zama 'yar gari, sai kai-komo a kan dakali ɗaya har illa masha Allahu."

"Ina ƙanena?"

"Yana cikin ƙasar nan. Inda yake ne ban sani ba. Ni aikina tsalle, ban taɓa tsayawa na dubi fuskar kowa ba." Ya nuna bayanta da haɓa. "In ni ne ke, da na fara gudu."

Ta waiwaya. Wani baƙin bango ne daga ƙasa har sama yake tahowa a hankali, yana lashe ciyawa da bishiyoyi. Nan take ta gane shi, gefen allo ne, wanda ba ya yarda mai wasa ya koma baya. Ta ce a ranta, ai a wasan nan duk abin da ake nema yana can ƙarshe, bayan babbar ƙofa, Mudi ma can aka kai shi. Ta tattare zane ta zuba da gudu.

Ba ta yi nisa ba sai ga gajere na farko, ɗan mitsitsi, kai kamar kabewa, yana tangaɗi. Da ya hango ta sai ya tsaya cak ya ɗaga hannuwa biyu sama. Tasalla ta ɗauka cafke ta zai yi, ta daka tsalle ta bi ta kansa ta wuce. Ta ji wani ɗan kuka siriri a bayanta, amma kiɗa ya danne shi, ita kuma ba ta waiwaya ba.

Daga nan har ƙarshen hanya gajerai suka yi ta ɓullowa, wani da gemu yana jan ƙasa, wata da tulu a ka, tana tsallake su ɗaya bayan ɗaya, har ta fara jin daɗin kanta. Sai ta iso wani kogi na man gyaɗa yana tafasa, faya-fayi suna yawo a kansa. Ta taka na farko, ta taka na biyu, na uku ya kife da ita. Zafin da ta ji ba ya faɗuwa. Ta buɗe ido ta gan ta a bakin kogin dai, gindin wata tuta, jikinta ba ko tabo, fitila ɗaya ta mutu. Faya-fayin suna nan suna yawo yadda ta same su, gajimare na murmushi, kiɗa ya koma farko.

A karo na biyu ta haye. Ta shiga wani daji na rake mai tsawon hasumiya, inda shirwa masu tabarau suke sako duwatsun niƙa daga sama. Ta kurɗa, ta fita. Yunwa ta kama ta, ta ciji goribar zinariya ɗaya, saura kaɗan haƙorinta ya fita. Ta durƙusa ta huta, ko numfashi ba ta mayar ba ta ji sanyin bangon a ƙeyarta. A ƙasar nan ba a zama, ba a kwanciya, ba a ratsewa. Kiɗan da take rerawa a gida har Inna ta gaji, yanzu ji take kamar ana kwankwatsa mata kai da shi, ta toshe kunne, ashe a cikin kan nata yake.

Gaba kuma wata gada ce ta tubali a kan ramin da ba shi da ƙasa, kowane tubali ka taka sai ya zube. Tana tsakiya sai duniya ta yi wani dum, rana ta koma ja kamar garwashi. Tasalla ta san ma'anar wannan, an ɗauke wuta a gida, saura ɗan abin da ke cikin batirin Kawu. Tana kallon rana ƙafarta ta zame. Ta daɗe tana faɗuwa cikin duhu, ta farka gindin wata tutar, fitila ɗaya tak ta rage mata. Nan ta fashe da kuka, ta kira Inna, ta kira Kawu, ta daddaki sararin da ke gefenta, ta ji shi da tauri da sanyi kamar gilashi. Wanda bai ji bari ba dai ya ji hoho. Ta share hawaye da bakin mayafi ta sake hawa gadar, tubali na zubewa a bayan dugaduganta har ta kai gaci.

Can ta hango babbar ƙofa a buɗe, haske na fita daga cikinta. A gaban ƙofar wata 'yar tsohuwa ce tsaye, tsawonta bai wuce turmi ba, zanenta kuwa ya yi mata yawa, an naɗe ragowarsa a gefe, tarinsa ya kai rumbu. Tasalla ba sallama ba gafara, ta tsallake ta, ta leƙa ƙofa. Ga tsakar gidansu nan, ga Inna Cima ta baya tana wanke zogale, har ƙamshin daddawa tana ji. Amma tabarmar bakin ƙofa wayam, kuma babu Mudi a ko'ina.

"Ya ke 'yar Adam," in ji tsohuwar, muryarta ta fi jikinta girma nesa ba kusa ba, "kin ci wasa, ƙofa taki ce. Sa ƙafa ki tafi."

Tasalla ta juyo. Sai yanzu kunya ta kama ta, ta rusuna. "Ranki ya daɗe, ƙanena nake nema."

"Ni ce Magajiyar Dakalai. Zanen nan da kike gani, da can iya gwiwa yake tsaya mini. Mu mutane ne dogaye, giginya a kafaɗarmu take. Sai aka buɗe wa 'ya'yan Adam taga a kan ƙasarmu, suka yi ta aiko da kurege yana bi ta kanmu, safe da yamma, babu wanda ya taɓa dawowa ya mayar. Kowane tsallake ya rage mu, har muka koma abin dariyar yara. A ƙasar nan duk wanda aka tsallake ba a mayar masa ba, namu ne. Ƙanenki da tsallake a kansa ya shigo."

Tasalla ta ce, "Yana ina, ranki ya daɗe?"

"Kin gamu da shi. Shi ya fara tarar ki."

Hannuwa biyun nan da aka ɗaga mata suka dawo mata a ido. Ta dafe ƙirji, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta dubi bayan Magajiya, baƙin bango ya iso har ya fara cin bakin zanen tsohuwar. Duk hanyar da ta biyo tana cikin cikinsa.

"Akwai hanyar komawa?"

"Ba a taɓa nema ba, balle a sani. Fitilarki ɗaya, rana kuma ga ta nan kina gani. Masu magana sun ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Ƙofa dai tana bayanki."

Tasalla ta sake duban tsakar gidan. Taku ɗaya ne tsakaninta da Inna. Tsoro take ji, ba kaɗan ba, kuma tana son gida kamar ranta. Amma me za ta ce in Inna ta juyo ta tambaye ta ina yaron? Ta ɗaure mayafinta a ƙugu.

"Gafara dai, ranki ya daɗe. Zan mayar miki da naki."

Ta tsallako Magajiya ta inda ta bi, ta dira a ɗan tsukin da ya rage, hancinta na gogar bango. Sai ta ji ƙasusuwa suna ƙara a bayanta kamar ana karya kara. Tsohuwa ta yi ta miƙewa, zane na warwarewa, har kanta ya shige gajimare. Wani dogon hannu ya bi ta saman kan Tasalla ya dafa bangon ya tura. Bango ya yi gurnani ya ja da baya, ya amayo dakali da ciyawa da wani gajere mai gemu yana rarraba ido.

"Gafara dai, Baba, zan mayar maka."

Haka ta yi ta yi. Kowa ta zo gare shi sai ta dubi fuskarsa, ta nemi gafara, ta tsallako, shi kuma ya miƙe ya sa hannu a bango. Ashe kowannensu da kamanninsa, wani da tsage a kumatu, wata da wushirya, wata ma goyo ne da ita. A ramin da gada ta zube, mai gemun ya shimfiɗa hannunsa daga gaci zuwa gaci, ta bi ta kai ta haye. A dajin rake dogaye suka kore shirwa kamar masu korar ƙuda. A kogin mai, matar nan mai tulu ta ɗauke ta a tafin hannu ta dire ta a ƙetare. Cinyoyinta suka yi tsami, ƙafa ta fara gardama, rana kuwa ta koma kamar kan ashana, kiɗan ma ya soma ja yana shaƙewa.

Da bango ya yi ja da bayansa na ƙarshe, sai ga ɗan mitsitsin nan zaune a kan ciyawa, ya gaji da kai-komo. Ya gan ta, bai ɗaga hannu ba, ya sunkuyar da ƙaton kansa yana jiran a sake bi ta kansa. Wannan ya fi man gyaɗan nan ƙona ta.

"Mudi, ni ce. Yi haƙuri, ga naka na mayar."

Ta tsallako shi a hankali. Kan kabewa ya saɓe, sai ga Mudi da 'yar rigarsa mai maiƙon ƙuli-ƙuli, yana jan majina.

"Ku hanzarta," in ji kurege daga reshensa. "Ga tsagar da kuka faɗo ta ciki can a gabanki. Amma ki sani, ya 'yar Adam, duk wanda ya taka bakinta, a bayansa take rufewa."

Tasalla ta dubi tsagar, 'yar siririya, tana ƙara tsukewa. Ita ce a gaba, Mudi a bayanta, ga dakali ba ya ɗaukar mutum biyu a jere. Hanya ɗaya ce yaron zai riga ta, kuma ta san abin da ke samun wanda aka bi ta kansa a ƙasar nan. Ba ta tsaya dogon tunani ba, ta kwanta rub da ciki.

"Tsallake ni ka shige. In ka je ka ce wa Inna ina zuwa."

Mudi ya ɗaga 'yar ƙafarsa da ƙyar ya haye ta. Nan da nan ta ji hannuwanta suna shigewa ciki, kanta yana kumbura yana nauyi, sunanta ma yana neman kuɓuce mata. Ta runtse ido tana jiran ƙarar rufewar tsaga. Shiru. Sai ta ji 'yar ƙafa ta sake bi ta bayanta.

"Na mayar miki, Yaya."

"Mudi, don Allah ka tafi."

"Inna ta ce ba a wucewa."

Ta tashi zaune, jikinta ya dawo daidai, hawaye na zuba. Sun koma inda suka fara, rana saura ƙiris. Yaron ya dube ta, ya ɗan yi jim kamar mai tsoron a ture shi, sannan ya ɗaga hannuwa biyu sama.

Tasalla ta dubi hannuwan, ta dubi bakin tsagar. Wanda ya taka, aka ce. Ta juya masa baya ta durƙusa, ya ɗare, ta kwance mayafi ta ɗaure shi tamau yadda ta saba tun yana jinjiri. Ta karkata kafaɗa, ta sa ƙafa a bakin tsagar ta kutsa. Abu na ƙarshe da ta ji shi ne muryar Magajiya daga can cikin gajimare tana cewa, "A sauka lafiya, 'yar mutane."

Suka zube a tsakar ɗaki. A kan allo ta hango dogayen mutane suna tafe a jere cikin natsuwa, kurege na barci a kan reshe, sannan kwamfutar ta yi ɗif ta mutu. Daga baya Kawu Sallau ya kai ta wurin masu gyara har sau nawa, wai wasan ya lalace, kuregen ya ƙi tsalle, ba wanda ya gano masa dalili.

Tasalla ta fito tsakar gida da goyo. Ta sauke Mudi a kan tabarmar bakin ƙofa ta ce ya kwanta yadda yake ɗazu. Ta koma cikin ɗaki, ta tsallako shi zuwa waje, ta inda ta bi.

Inna Cima ta ɗago kai daga kan ƙwaryar zogale ta dube su. "Sai yanzu kika gama?"

"Na gama, Inna."

"To, ɗauki tsintsiyarki, shara na nan inda kika bar ta."

Ta sunkuya za ta ɗauka, Mudi ya riga ya tsaya a gabanta da hannuwa a sama. Ranar dai da goyo aka ƙarasa sharar gidan. Ƙaryata ke nan ko gaskiyata, mai shakka ya je Malumfashi ya tambayi wani dogon saurayi da ke sunkuyawa kafin ya shiga ƙofar shagonsa, Mudin ke nan.